Amsa: Ɗaukar mota daga filin jirgin Jidda zuwa otal a Makka

Hajiya, kin ce daga Kaduna za ki tafi Umra da mahaifiyarki, kina tambaya ko ya dace ki yi hayar mota tun kafin ku tashi. Da tsohuwa a hannu, ni dai na ce ki yi. Jidda zuwa Makka tafiya ce ta sama da awa ɗaya, ga ihrami, ga gajiyar jirgi, ba lokacin ciniki da direbobi ba ne.

Fara tambayar otal ɗinku ko suna da direbobinsu. Ki ba su lambar jirgi, don filin jirgin Jidda, wato na Sarki Abdul'aziz, sashe-sashe ne, direba na iya tsayawa a wani kuna can wani. A rubuto miki kuɗin a riyal, na mota ne ko na kowane mutum, da tsawon lokacin da zai jira in layin fasfo ya riƙe ku. Ki karɓi lambar WhatsApp ɗinsa tun kina gida. In Mama na da keken guragu, ki faɗa, a turo babbar mota.

Lokacin sallah ana rufe hanyoyin kusa da Harami, to ki tambaya inda zai sauke ku. Jirgin ƙasan Haramain mai zuwa Makka daga Jidda na nan, amma da kaya da Mama, mota ta fi. Allah ya karɓi ibada.