Tambayi Bakanike: Na Sauya Aksil, Farfela Ta Yi Tsawo

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ina da tsohuwar Hilux a-kori-kura mai ja da ƙafafun baya kawai, da ita nake ɗaukar masara daga Funtuwa zuwa Dawanau. Aksil ɗin baya ya ci haƙora, na je Ƙofar Ruwa na sayo wani na Beljiyam da aka ciro daga wata motar. Ya hau sifirin lafiya, amma da aka zo ɗaura farfela sai ta yi tsawo da kamar yatsu uku. Farfelar guda ɗaya ce, ba mai boris a tsakiya ba. Bakanikena ya danna ta ta shiga da ƙyar. Yanzu in na yi lodi na faɗa gargada sai in ji ƙwas a ƙarƙashin kujera. Wani mai walda ya ce zai yanke ta a tsakiya ya haɗe cikin rabin awa. In ba shi?
Direba, daga Funtuwa.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Kada ka ba shi. Kuma tun kafin mu kai ga maganar yanka, ka ajiye motar nan, kada ka sake ɗora mata ko buhu ɗaya.

Wannan ƙwas ɗin da kake ji, farfela ce, wato bututun da ke kai juyi daga giyabos zuwa aksil, take dukan giyabos. Ka leƙa ƙarƙashi ka ga kan farfelar na gaba: hannu ne mai haƙora a ciki, wanda ke zura cikin wutsiyar giyabos. Ba a ɗaure shi da noti, da gangan aka bar shi yana zamewa, domin duk sanda sifirin ya lotsa ko ya miƙe, tazarar da ke tsakanin aksil da giyabos tana canjawa. Naka ya riga ya shige har ƙurya tun motar tana tsaye, ba shi da wurin ja da baya. To in aksil ya turo, ina ƙarfin zai tafi? Sai kan boris ɗin giya da wutsiyar giyabos, wadda a yawancin motocin nan ta alminiyam ce. Na taɓa karɓar wata bas da aka yi wa irin wannan dannawa, wutsiyar ta tsage kamar an sa gatari, man giya ya tsiyaye a hanya direban bai sani ba. Kuɗin giyabos ya ninka kuɗin aksil ɗin da yake murnar ya samu da araha.

Kafin a taɓa ƙarfe, a tabbatar aksil ɗin ya zauna inda ya kamata. A tsakiyar kowane sifirin akwai noti mai kai wanda ke faɗawa cikin rami a mazaunin aksil. In bai faɗa ba, ko ya karye, aksil yana iya matsowa gaba, kai kuma ka ɗora wa farfela laifin da ba nata ba. A auna daga tsakiyar tayar gaba zuwa tsakiyar ta baya, dama da hagu, awon ya zo ɗaya. In wannan ya yi daidai, to hancin sabon aksil ɗin, wato inda ake ɗaura farfela, shi ne ya fi na tsohon tsawo, yanka ya zama dole. Ko da yake ni da kaina nakan fara komawa kasuwa da tef a aljihu, domin sau da yawa akan dace da farfelar da ta zo daidai, ba yanka ba walda.

Awo shi ne rabin aikin, kuma nan ne yara ke yin ganganci. Ba a auna farfela mota tana kan jak aksil yana reto. A hau rami, ko a sami shimfiɗaɗɗen wuri, tayoyi huɗu a ƙasa, nauyin motar a kan sifirin ɗinta. A tura hannun nan cikin giyabos har ya tsaya, sannan a jawo shi waje kamar inci 1, wato wajen santimita biyu da rabi. Wannan shi ne numfashin da ake bar masa. Daga nan a auna daga tsakiyar kuros na gaba, wato mahaɗar nan mai ƙafa huɗu da ke ba farfela damar lanƙwasa, zuwa inda tsakiyar kuros na baya zai zauna a hancin aksil. A auna sau biyu, a rubuta a takarda, kada a ce an riƙe a ka. Tunda kai mai lodi ne, a sake duba numfashin da masara a baya, ka gani da idonka ya rage ko bai rage ba. Kuma kada a ce bari a ƙara yanke wani abu don a huta: in ta gajarce da yawa, haƙoran da ke riƙe kaɗan ne, hannun zai riƙa lilo yana cin silin mai, wata rana mota ta yi tsalle ya zare gaba ɗaya.

Yanzu ga dalilin da ya sa na hana ka mai waldar bakin titi. Ba raini ba ne, ƙofar gidana ma irinsu ne suka yi ta. Amma ƙofa ba ta juyawa. Ka yi lissafi: taya mai inci 14 irin ta motarka tana juyi wajen 800 a minti ɗaya in kana gudun kilomita 100. Farfela kuwa tana ninka wannan sau huɗu da ɗoriya, ya danganta da haƙoran aksil, wato ta haura juyi 3,000 a minti, fiye da 50 a daƙiƙa ɗaya. Bututun da ke irin wannan gudu, in ya karkace da kaurin farce, sai ka ji shi a kujera, a sitiyari, har madubi ya daina nuna komai. Tsakiyar bututu kuma nan ne ya fi saurin lanƙwasa, nan kuwa mutuminka yake son ya sa zafi da ɗinki.

Aikin na masu injin sassaƙar ƙarfe ne. Sai a cire kuros tukuna, don zafin walda yana ƙona giris da siraran allurorin da ke cikin kofunansa. A ja layi da alli daga wannan kai zuwa wancan. A ɗora ta a inji a sassaƙe tsohuwar waldar da ta haɗa bututu da gwafar baya, wato ƙarfe mai kunnuwa biyu da ke riƙe kuros, a zare gwafar, a yanke bututun daidai awon da aka rubuta, bakin ya fito a miƙe, sannan a danna gwafar ta koma ciki. Layin allin nan amfaninsa babba ne: kunnuwan gwafar gaba da na ta baya dole su kalli gefe ɗaya. Kuros in yana aiki a karkace ba ya juyi da gudu ɗaya, yana sauri yana lafawa sau biyu a kowane zagaye, kuros na biyu ne ke goge wannan. In an juya gwafa ɗaya ko da kaɗan, maimakon su goge wa juna sai su haɗa kai, kuma babu daidaita nauyin da zai kashe wannan rawar.

Kafin a zagaye da walda, a ɗiga ta wuri huɗu, a sa agogon awo a juya a ga karkata. Littafin Toyota ya sa iyaka a milimita 0.8, amma mai hannu mai kyau yana sauko da ita ƙasa da rabin haka. Ƙananan faranta da ka gani manne a jikin bututu na daidaita nauyi ne daga kamfani, kada a fasa su don wai sun yi muni. In bayan an gama akwai 'yar rawa, kuma babu injin daidaitawa kusa, akwai dabarar da muka gada: a ɗaura kilif ɗin tiyo guda biyu kusa da aksil, a riƙa matsar da kawunansu ana gwada mota har rawar ta kwanta. Tana magance kaɗan, ba ta gyara karkataccen aiki.

Tunda an kwance, ka sa sababbin kuros, ka kuma tambayi adadin haƙoran sabon aksil ɗin. Babban faifai 41 da ƙarami 10 ba ɗaya ba ne da 43 da 10. In tsohon naka 43 da 10 ne, na farkon zai ba ka gudu a kwalta amma zai yi nauyin tashi da lodi, malejinka ma zai riƙa faɗin ƙasa da gudun da kake yi. In an gama, ka fara fita ba kaya, a hankali, daga 40 zuwa 80, hannunka a kan sandar giya. Ka dawo a sake ɗaure notunan baya, sannan ka je ka ɗauko masararka. Allah ya tsare hanya.