Fijo 504 ta gado ko jif ta zamani?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar Peugeot 504 doguwa mai layin kujeru uku, kuma ta faɗo a rabona. 'Yan'uwa suna cewa in sayar da ita, in cika kuɗi in sayi Toyota Highlander 'yar Kwatano. Ina da iyali, muna yawan zuwa Kaduna, ga kuma gona a ƙauye. Mene ne shawararku? Daga wani mai karatu a Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya gafarta wa mahaifinku, ya sa albarka a abin da ya bari.

Motar da ka gada ba abar rainawa ba ce. An fara ƙera 504 a Faransa a 1968, kamfanin PAN na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975, ya ci gaba da haɗa ta shekaru da dama bayan Faransawa sun daina a 1983. Abin da ya sa ta karɓu a tashoshinmu shi ne ƙafafun baya ne ke tura ta, tana da tsayi daga ƙasa, kuma tana shanye gargada ko da an cika ta da mutane an ɗora buhuna. Injinta mai kabureta ne, ba kwamfuta a cikinsa, saboda haka idan ta mutu a hanyar ƙauye, bakaniken da ke ƙarƙashin bishiya zai goge filogi, ya busa kabureta, ya tashe ta da sifana da sukudireba. Matsalarta a yau ita ce kayan gyara na asali sun yi wuya, ko a kasuwar Panteka ta Kaduna ko a Ƙofar Ruwa ta Kano sai an tona, kuma tsatsa tana cin ƙasan bodi a ɓoye. Ka ɗaga shimfiɗar ƙafa ka duba da idonka.

Ita kuwa Highlander, kada sunan jif ya ruɗe ka, domin samfurinta na farko an gina shi ne a kan tsarin Toyota Camry, kuma da yawa daga cikinsu ƙafafun gaba kaɗai ke ja, don haka a taɓon damina ba lallai ta fi Fijo ba. Idan fitilar gargaɗin inji ta kama, sai an nemi mai na'urar bincike, kuma gyaran giyarta mai sarrafa kanta yana cin kuɗi ƙwarai.

Duk da haka, tunda ka ambaci iyali da babban titi, hukuncina ya karkata ga ta zamani. Tana da jakunkunan iska masu kumbura su kare mutum idan an yi karo, da burkin ABS wanda ke hana tayoyi ƙamewa idan an taka shi da ƙarfi, kuma an tsara gabanta ya lanƙwashe ya shanye ƙarfin karo kafin ya isa ga mutanen ciki. Fijo ba ta da jakunkunan iska ko ABS, kuma babu gyaran da zai sa mata su. Sai dai jif tana da tsayi, ba ta son a karya kwana da gudu.

Idan da hali, ka bar Fijo ga aikin gona, domin kuɗin da za a taya ta ba zai rage maka wani abin kirki ba. Kafin ka biya kuɗin jif kuma, ka je da bakaniken da ka yarda da shi ya tabbatar ba ta taɓa yin mummunan hatsari ba, jakunkunan iskarta suna nan, kuma takardun kwastan ɗinta na gaskiya ne.