Takalman da ke ƙofar gidan abincinka

Ɗana,

Ranar sunan gidan gwaggonka ka tare ni da tambaya ana tsakiyar rabon goro, maroƙa na ta ihu a kanmu, na ce ka bari in rubuto maka. Ka san kunnena na hagu ya daɗe da yin murabus. To yau ga ni na zauna.

In na fahimce ka daidai, tun da ka buɗe gidan abincin nan naka a Sabon Gari, ka sa tayil da teburori da fanka, abu uku ke ci maka tuwo a ƙwarya. Dattawan ƙauye suna tuɓe takalma a bakin ƙofa kafin su shigo, har wurin ya koma kamar ƙofar masallaci. Samari suna zama a kujera su zare ƙafa daga takalmi su naɗe ta a sama. Ga kuma almajirai masu leƙowa ƙafa duk ƙura. Wani abokinka ya nuna maka a waya cewa a Amurka ana manna takarda a ƙofa, duk wanda ba riga ko ba takalmi ba a sayar masa, shi ne kake tambaya ko kai ma ka manna, kuma me al'ada ta ce.

Kada ka manna. Mutanen nan uku da ka haɗa a kwando ɗaya ba abu ɗaya suke yi ba, ita kuwa takarda ba ta da idon da za ta bambance su.

Fara da dattijon. Mutumin da ya taso daga Mirya ko Magarya, ya sha rana a Kasuwar Dole ranar Alhamis, ya zo ƙofarka ya ga daɓe yana sheƙi, ya sunkuya ya ajiye takalmansa gefe, wannan girmama ka ya yi. Abin da zai yi a zauren malaminsa ke nan, ko a gidan surukansa. Ka je Birni ka tsaya a bakin fada, wadda ke tsaye tun zamanin Sarki Tanimun a tsakiyar ƙarni na 19, ka ga inda masu zuwa gaisuwa suke barin takalmansu kafin su isa gaban Sarkin Damagaram. Attajiri da talaka duk a nan suke tuɓewa. Muna yara, ko majalisar dattawa za mu gitta sai mun kwashe takalma a hannu, mun rusuna, mun wuce sannan mu mayar. Kakarka, Allah Ya ji ƙanta, har ta tsufa ban taɓa ganin ta wuce gaban ƙanin kakanka da takalmi a ƙafa ba, alhali ta girme shi. Tushen abin ma ya wuce mu. Ka karanta Suratu Ɗaha, aya ta 12, inda aka umarci Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya cire takalmansa domin yana kwari mai tsarki. Yanzu mutum ya ba ka irin wannan girma, kai kuma ka nuna masa takarda, wadda wataƙila ma ba ya iya karantawa, sai yaron shagonka ya fassara masa a gaban jama'a?

Na san wannan kunyar, don na sha ta. Farkon zuwana Yamai neman wata takarda, ina saurayi, na shiga wani ofishi na ga darduma shimfiɗe tun daga ƙofa har teburin mai ofishin. Ban yi wata-wata ba na zare takalmana na jera su a waje. Magatakardan ya dubi ƙafata, ya dubi na kusa da shi, suka tuntsure da dariya, ya ce da ni nan ba masallaci ba ne. Shekara fiye da 40 ke nan, na manta takardar da na je nema, amma launin dardumar yana idona, ja ce mai ratsin baƙi. Ban sake taka wurin ba. Ka auna wannan da cinikinka.

Abin da ya rikita ku 'yan yanzu shi ne kujera. Mu da can a ƙasa muke cin abinci, akushi a kan tabarma, hannu yana kai da kawo kusa da ƙafa. Duk inda ake zama a ƙasa, ko ake ajiye ƙwarya, ko ake sa goshi, takalmin da ya taka kwata da kashin awaki ba shi da hurumi. Teburi da kujera sun yaɗu ne da zuwan Faransawa, waɗanda suka kama garin nan na Zinder a 1899, suka zauna da shi a matsayin babban birnin Nijar har 1926 da suka koma Yamai. Shi mai cin abinci a teburi ya ɗaga kwanonsa daga ƙasa, ƙasar ta zama hanya kawai, don haka takalminsa ba ya ɓata komai. Gidan abincinka na tsarin teburi ne, masu shigowa kuwa rabinsu tarbiyyar tabarma ce.

Mafita a nan mai sauƙi ce. Rumfar nan ta gefen gabas da kake tara buhunan gawayi, share ta, ka shimfiɗa tabarmi uku ko huɗu, ka ajiye buta da sabulu. Za ka ga dattawa da direbobi da kansu suna nufar can, har ma su fi daɗewa su ƙara da shayi. Ka sa kafinta ya buga maka ɗan kanta na jera takalma inda idon mai karɓar kuɗi yake kaiwa, domin ɓarayin takalman masallacin Juma'a ba su yi rantsuwa cewa a masallaci kaɗai za su yi aiki ba. Wanda kuma ya tuɓe a ƙofar ɗakin kujeru, a tare shi da fara'a, a ce Baba shigo da abinka, ba komai. In ya ƙi, a ƙyale shi.

Saurayin da ke ɗora ƙafa a kujera, wannan rashin tarbiyya ne, ba ruwansa da al'ada. A tabarma ma ba a miƙa wa mai cin abinci tafin ƙafa, balle a riƙa sosa tsakanin yatsu da hannun da za a kai miya. Ka raɗa masa a kunne. In ya maimaita, ka raɗa masa da ɗan ƙarfi.

Game da Amurka, takardun nan gaskiya ne akwai su, amma sharaɗin mai shago ne, ba dokar gwamnatin tarayyarsu ba. Su ma Turawan bakinsu bai zo ɗaya ba, a Ostireliya mutum kan shiga kanti ƙafa ba takalmi ba mai kallonsa. A Japan kuwa akwai gidajen abincin da sai ka tuɓe kafin ka hau tabarmarsu, kamar dai mu. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Kada fa ka ɗauka ina yabon yawo ba takalmi a titi. Bahaushe ya bambanta wanda ya cire takalmi da wanda ba shi da shi. Baligi mai hankali, da halinsa, a gan shi tsakiyar kasuwa ƙafa a ƙasa, tambayar farko da za a yi ita ce lafiya? Ko an sace masa, ko an yi masa rasuwa ya fito a gigice, ko kuma kai ya taɓu. Garin da ke da dukawa irin namu, masu ɗinka takalmin fata da ake saya a kai tsaraba, ba garin da ke alfahari da faso ba ne. A hadisin Muslim, Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce a yawaita sa takalma, domin mai takalmi kamar wanda ke bisa abin hawa ne. Ya kuma hana tafiya da wari ɗaya, ko a sa duka ko a cire duka. Akwai ruwayar Abu Dawuda da ta nuna a riƙa tafiya ba takalmi wani lokaci don kada jin daɗi ya yi wa mutum yawa, amma wani lokaci aka ce.

Ƙasarmu ma ba ta wasa da ƙafa. A watan Afrilu da Mayu zafi kan haura 40, kwalta sai ta gasa tafin ƙafa kamar tsire. Da kaka ga ƙarangiya da tsidau, da dare ga kunama. Ga ƙusa mai tsatsa da ke jawo tetanos, ciwon nan mai sandarar da jiki. A ƙasa mai danshi inda ake bahaya akwai tsutsar da ke huda fatar ƙafa, ta bi jiki har hanji, ta zauna tana shan jini, yaro ya yi ta ɗashewa a rasa dalili. Mai ciwon suga irina kuwa likita ya hana ni taka ko tsakar gida ba silifa, domin ƙafar kan mutu, ƙaya ta shige ka ba ka ji ba sai ta ruɓe.

Saboda haka inda nake so ka tsananta shi ne madafa. Ranar da na leƙo na ga yarinyar da ke suyar dankali tsaye gaban kaskon mai da silifa tsinkakke, ɗayan yaron mai wanke-wanke kuwa ba ko shi. Waɗannan amanarka ne. Saya musu takalmi mai rufe yatsu, ka ajiye wasu silifan daban a ƙofar bayi waɗanda ba sa fitowa.

Saura almajirai. Yaron da ke tsaye da roba a ƙofarka bai zaɓi tafiya haka ba, takarda kuma ba za ta ɗinka masa takalmi ba. In ba ka son su kutsa tsakanin teburori, ware musu lokaci da ƙofar baya, a zuba musu abin da ya samu cikin mutunci. Ranar da ciniki ya yi kyau ka biya ta Dole ka sayo silifa ƙanana ko ƙafa biyar ne, ka ba malaminsu ya raba, kada ka raba da kanka su yi dambe a ƙofarka.

Alhamis mai zuwa in Allah Ya kai mu zan shigo kasuwa karɓar ɗinki, daga nan zan biyo. A shimfiɗa mini a rumfar, gwiwata ba ta son kujerun ƙarfen nan naka. Tuwon gero da miyar kuka, kada a cika yaji. Ka gaida mahaifiyarka, ka ce mata man kaɗen da ta aiko ya iso.

Kawunka.