Kawu, ga gaskiyar maganar na'urar Inna

Kawu, ka ce labari ya iso maka wai mun bari likitocin Turawa sun dasa wa Inna inji a jiki, har muna zancen bayan gida a gabanta kamar ba Hausawa suka haife mu ba. Dasawar dai an yi. Sauran maganar ce ta yi mini zafi.

Tun ƙarin da ta samu wajen haihuwar autanmu naman da ke riƙe dubura ya yi rauni, da girma ya zo sai bayan gida ya fara kufce mata ba ta sani ba. Cikinmu ba wanda ya gane. Mun dai ga ta daina fita, in kuwa fitar ta zama dole sai ta ƙi cin komai tun safe, ga jakar zannuwa kullum a hammata. Matata, wadda har yau kuke kira "Baturiyar nan", ita ta lura da wankin tsakar dare. Ta rufe ƙofa da ita, da 'yar Hausarta ta kame-kame. Ban san me suka faɗa ba, ban kuma tambaya ba.

Sai da aka gwada magani da gyaran cima da motsa naman wurin, abin ya faskara, sannan aka zo kan tiyata. Siririyar waya ce ake sakawa a ƙashin gindin baya, kusa da jijiyar da ke sarrafa dubura, tana aika mata ɗan lantarki kaɗan-kaɗan. Da farko batirin a waje yake, aka yi mako 2 ana gwaji, ana rubuta duk ranar da abin ya kufce. Ƙa'idarsu sai ya ragu da rabi ko fiye kafin su binne ƙaramin batiri ƙarƙashin fata. Masu cewa gwaji aka yi da tsohuwa su sani wani likita a Jamus, Klaus Matzel, ya bayyana wannan aiki tun 1995, Amurka ma ta amince da shi a 2011. Akwai wani zoben roba mai famfo da a da ake naɗawa a wurin, likitan da kansa ya ce ya cika kawo ciwo, muka bar shi.

Mu nan Ingila, in ɗa bai shiga ɗakin likita ya yi tafinta ba, wa zai yi? Ƙanwata ta shiga, ni na zauna a waje ina kallon takalmina. In wannan ne rashin kunya, to ban san sunan shekarun da ta yi tana kuka a banɗaki muna barci ba.

Ba ta warke sarai ba, wani lokaci yakan ɗan taɓa ta. Amma yanzu takan idar da sallarta da alwala ɗaya, 'yar na'urar daidaita batirin na cikin jaka tare da carbinta. Don Allah in kun yi waya kada ka tayar mata da zancen, ba ta san ya kai gida ba.