Hukuncin Yi Wa Hissene Habre Ba'a Bayan Shari'arsa da Mutuwarsa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mazaunin Njamena ne. An kama kawuna a zamanin Hissene Habre, har yau ba mu sake jin ɗuriyarsa ba. Matasanmu suna yaɗa zane-zanen barkwanci a Facebook kan yadda aka ɗauko Habre cak aka shigar da shi kotu. Wani ya ce haramun ne tunda ya rasu, kuma wai kotun ba ta Musulunci ba ce. Ina gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Allah Ya jiƙan kawunka in ya riga mu gidan gaskiya, Ya ba ku haƙuri.

Mu fara da kotun. Habre ya mulki Chadi daga 1982 zuwa 1990, sannan ya gudu Senegal. A 2015 wata kotu ta musamman da Senegal da Tarayyar Afirka suka kafa ta gurfanar da shi a Dakar, ranar 30 ga Mayu 2016 ta yanke masa ɗaurin rai da rai, aka tabbatar da hukuncin a 2017. Ba da jita-jita aka kama shi ba. Waɗanda suka fito da rai daga kurkukunsa sun tsaya gabansa sun ba da shaida, ga kuma takardun hukumar tsaronsa, DDS, da aka gano a 2001, ɗauke da sunayen mutum 1,208 da suka mutu a tsare. Wanda aka zalunta, idan bai sami alƙalin Musulunci da zai ƙwato masa haƙƙi ba, ya halatta ya nemi haƙƙinsa inda zai samu. Annabi (SAW) ya halarci Hilful Fudul, ƙawancen taimakon wanda aka zalunta da Ƙuraishawa suka ƙulla tun kafin aike, ya kuma yabe shi bayan zuwan Musulunci.

Hadisin da mutumin yake nufi ingantacce ne, Bukhari ya ruwaito daga Nana A'isha: kada ku zagi matattu, domin sun isa ga abin da suka gabatar. Sai dai akwai hadisin Anas, inda aka wuce da wata jana'iza sahabbai suka ambace ta da sharri, Annabi (SAW) bai hana su ba, ya ce ku ne shaidun Allah a bayan ƙasa. Malamai sun haɗa biyun da cewa hanin bai shafi wanda ɓarnarsa ta fito fili ba, muddin ambaton yana da amfani. Allah kuma Ya ce a Suratun Nisa'i, aya ta 148, ba Ya son bayyana mummunar magana sai ga wanda aka zalunta. Don haka ka faɗi abin da aka yi wa kawunka, ka rubuta, ka gaya wa 'ya'yanka. Mutuwar Habre a Dakar a Agustan 2021 ba ta rufe bakinka ba, ba ta kuma shafe haƙƙin jinin da ke wuyansa ba.

Batun barkwancin ne nake so ka natsu a kai. Zanen da ke nuna mai mulkin da ya firgita ƙasa ya koma ana tallabarsa zuwa gaban alƙali, don na baya su ji tsoro, ban ga laifinsa ba, in babu ƙarya ko batsa. Amma akwai iyaka. Ba'a ga rawaninsa tana iya zama ba'a ga tufar dubban bayin Allah da ba su kashe kowa ba. Zagin ƙabilarsa, Gorane, haramun ne kai tsaye. Da wannan ƙabilancin aka farauci ƙabilar Hajarai a 1987 da ta Zagawa a 1989, kuma Suratul Ma'ida, aya ta 8, ta hana ƙiyayya ta kai mu ga rashin adalci. Yanke masa wuta ma ba naka ba ne: Muslim ya ruwaito labarin wanda ya rantse cewa Allah ba zai gafarta wa wane ba, sai aka ɓata wa mai rantsuwar aikinsa.

Abin da ya fi damuna shi ne a mai da azabar kanta abin dariya. La Piscine, ɗaya daga cikin kurkukun Habre, tafkin ninƙaya ne aka rufe samansa aka cusa mutane ciki. Matan da mazajensu suka mutu a can suna raye, suna ganin abin da ake turawa. Duk zanen da zai sa ɗayarsu kuka, kada ka tura shi, kuma ka hana wanda kake da iko a kansa.

Wallahu a'alam.