Gidan wasan Majestic ba na Phantom kaɗai ba ne

Malam, ka tambayi gidan da aka daɗe ana nuna wasan waƙa na The Phantom of the Opera a birnin New York, da kuma ko shi kaɗai gidan ya taɓa yin suna da shi.

Gidan shi ne Majestic, a titi na 44 cikin Broadway, yankin gidajen wasan kwaikwayo na birnin. An buɗe shi a 1927, yana ɗaukar mutum sama da 1,600, kuma kamfanin Shubert ne ke riƙe da shi. Phantom ya shiga a Janairun 1988, bai fita ba sai Afrilun 2023, bayan an yi shi sau 13,981. Abin da 'yan kallo ba sa mantawa shi ne ƙatuwar fitilar nan da ake ɗagawa bisa kawunansu tun farkon wasa, sai daf da hutun tsakiya ta sulmiyo ta faɗo kan dandali.

Amma tun kafin nan gidan ya yi tashe. A nan aka buɗe Carousel a 1945, sai South Pacific a 1949, wanda ya taɓo wariyar launin fata a lokacin da Amurkawa da yawa ba sa son a ta da zancen. Ni dai wanda ya fi burge ni shi ne The Wiz na 1975: 'yan wasansa duk baƙar fata ne, ya kuma lashe Tony, babbar kyautar wasannin Broadway, guda 7.