Laftof Mai Naɗewa: Amsoshin Tambayoyinku na Wannan Mako

Wasiƙun makon nan kusan duk a kan abu guda suka zo: sirararan kwamfutocin nan masu tsada, waɗanda ake lanƙwasa allonsu har ya kwanta a bayansu. Tun da Lenovo ya fito da Yoga a 2012, HP ya biyo da Spectre x360 a 2015, ƙwalamarsu ba ta bar mutanenmu ba. To, bismillah.

Malam, ɗalibi ne ni a Zariya. Na ga Spectre x360 mai inci 13 ta hannu, RAM ɗinta 8GB. Mai shago ya ce in saya haka, idan na samu kuɗi ya ƙara min. In saya?

Ƙanena, ko dai mai shagon bai san kayansa ba, ko kuma ya san su sarai, yana neman wanda zai sauke wa. RAM ɗin wannan kwamfuta, wato ƙwaƙwalwar da take riƙe aikin da ake yi a lokacin, liƙe yake da dalma a jikin bod, babban faifan da kayan cikinta ke zaune a kai, babu ramin da za a zura wani. Haka abin yake a Yoga 9i da ThinkPad X1 Yoga da XPS 13 mai juyewa. Sababbin da ke ɗauke da Intel Core Ultra jerin 200V na 2024 ma sun wuce nan, domin a jikin furosesan kansa aka ɗora RAM ɗin. Abin da ka fito da shi daga shago, da shi za ka zauna har ka rabu da ita. Ƙara haƙuri ka tara kuɗin mai 16GB.

Ma'ajiya ita ce za ka iya yi wa rowa, don a yawancinsu ana cire SSD, wato ma'ajiyar fayiloli, a sa babba. Na ce yawanci, saboda XPS 13 mai juyewa ta 2019 har SSD ɗinta a liƙe yake. Sannan ka duba furosesa: Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a ƙa'ida daga Intel zubi na 8 yake farawa. Kafin ka miƙa ko sisi, shiga BIOS, wato shafin saitin da ake shiga yayin kunna kwamfuta, a gaban mai shagon. Idan ta nemi kalmar sirri, shi kuma ya fara sosa ƙeya, yi masa sallama.

Ina so in sayar da iPad ɗina in sayi mai naɗewa, in riƙa karatu da ita a kwance. Wata malamar makaranta daga Kaduna.

Malama, kada ki sayar. Mai inci 14 tana kai kilo 1.3 zuwa 1.4, iPad kuwa bai cika rabin kilo ba. Ɗauki robar ruwa mai lita ɗaya da rabi ki riƙe ta sama da fuskarki na minti goma. Idan hannunki bai yi ƙorafi ba, sake rubuto min.

Ranka ya daɗe, ɗan kasuwa ne ni a Kano. Yoga ɗina shekararta biyu kacal. Wurin shafa linzami ya taso sama, murfin ƙasa ya buɗe baki, batir ba ya kai awa guda. Ni kuwa ina kula da ita, kullum tana jone da wuta. Da dare a kan katifa nake kallo da ita, da safe in rufe in sa a jaka, wani lokaci in ciro ta da zafi kamar garwashi. Ko jabu aka sayar min?

Alhaji, ba jabu ba ce. Da kanka ka dafa ta, a hankali, shekara biyu kana iza wuta. Wannan wasiƙar na sha karɓar irinta har na haddace, sunan gari kawai ke canjawa, saboda haka yau sai ka yi haƙuri da ni.

Da farko abin gaggawa. Batirinka ya kumbura, iska ce ta taru a cikinsa, shi ne yake turo wurin linzamin daga ƙasa. Cire caja yanzu, kashe ta, kai ta a canja batir. Kada ka danne murfin da ƙarfi don ya koma, kada ka bari wani yaron shago ya huda batirin wai ya sace masa iska, batirin litiyom wuta yake kamawa. Tsohon kuma kada a jefa shi bola, ka san yadda ake cinna wa shara wuta a unguwanninmu.

Yanzu ga laifuffukan ɗaya bayan ɗaya. Abu biyu ne ke saurin tsufar da irin wannan batir: zama a cike fal da kuma zafi. Kai ka haɗa masa su biyun kullum, kana kuma kiran abin kulawa. Na san dalilinka, ba a san lokacin da za a ɗauke wuta ba, kowa so yake ya ga ɗari bisa ɗari. Amma batirin da ya kwana ya wuni a 100 cikin zafin Kano, bayan shekara biyu ɗarin nasa ba ta kai hamsin ɗin sabo ba. Masu ƙera waɗannan na'urori galibi digiri 35 suke rubutawa a matsayin iyakar zafin ɗakin da za a yi aiki da su. Kano a watan Afrilu tana haura 40 ba tare da ta nemi izinin kowa ba.

Sai katifa. Kwamfutar da kaurinta bai wuce na littafin rubutu ba, fankarta 'yar mitsitsiya ce, ta ƙasa take shaƙar iska. Ka ɗora ta a kan soso da bargo, ka toshe mata hanci, sannan ka kunna mata fim na awa uku. Abin haushin shi ne kuɗin maganin wannan matsala ka riga ka biya shi ranar da ka saye ta. Juya allon ka tsayar da ita kamar bukka, ramukan iskar duk sai su zauna a sarari. Mutane suna biyan kuɗin gaɓar da ke juyawa digiri 360, amma sau ɗaya suke juya ta, ranar nuna wa abokai.

Na uku, jaka, wanda shi ne ya fi ci min tuwo a ƙwarya. Sababbin laftof na Windows idan ka rufe murfi ba barci mai nauyi suke yi ba, gyangyaɗi ne irin na wayar hannu, ido ɗaya a buɗe. Tana iya farkawa a cikin jaka ta kama aiki, babu iska, ga ta a bayan mota rana na dukanta. Garwashin da kake cirowa ke nan. Ni dai tawa ba ta shiga jaka sai na sa ta a Hibernate, wato barcin da take adana aikinka ta mutu gaba ɗaya, ko tafiyar minti biyar ce. Shiga saitin wuta ka mayar da rufe murfi ya zama Hibernate, daƙiƙa kaɗan ne za su ƙaru wajen tashi.

Idan an sa maka sabon batir, buɗe manhajar Lenovo Vantage ka kunna Conservation Mode, zai tsayar da caji a 60 ko 80 cikin ɗari, gwargwadon samfurin. Masu Asus su duba MyASUS, masu Dell su duba BIOS. Ranar tafiya sai ka kashe shi ka cika ta. Kuma duk wata uku ka buɗe Command Prompt, wato wurin rubuta umarni na Windows, ka rubuta powercfg /batteryreport, a rahoton da zai fitar ka kwatanta ƙarfin da batirin ya zo da shi da wanda ya rage masa. Da kana yin haka, Alhaji, da tun bara ka ga alamar.

Cajata ta ɓata. Na jona ta waya, ramin iri ɗaya ne, amma ba ta ɗauka. Daga Maraɗi.

Ɗan'uwa, rami ɗaya, ƙarfi daban. Nemi caja mai USB-C PD mai wat 65, da igiya mai ɗaukar wat 100, domin igiyoyin gama-gari a 60 suke tsayawa. Ka guji ta bakin titi mai arha, gyaran bod ya fi caja goma tsada.

Na aro alƙalamin Samsung na yayata, ya ƙi rubutu a kan Spectre ɗina.

Ba zai yi ba, 'yar'uwa, yarensu ba ɗaya ba ne. Alƙalamin Samsung, wato S Pen, da fasahar Wacom EMR yake aiki, Spectre kuma fasahar MPP take ji. Mayar wa Yaya kayanta kafin ta lura, ki sayi wanda aka rubuta MPP a kwalinsa.

Gaɓar allon ta fara tauri tana ƙara tun shigowar hunturu. In ɗiga mata man keken ɗinki?

A'a, Malam, mai ƙura yake kamawa, sai ya zama kwaɓaɓɓen laka a ciki. Daina juya ta gaba ɗaya, kai wa mai gyara ya buɗe ya share, ya ɗan sassauta ta. Idan ka ci gaba da tilasta mata, wata rana za ta tumɓuke kusoshinta daga murfin ko ta tsinke siraran wayoyin allo da ke ratsa cikinta, allon taɓawa kuwa yana daga cikin mafi tsadar sassan kwamfutar. Daga yau ka riƙa buɗe ta daga tsakiya, ba daga kusurwa ba. Man kuma a mayar wa uwargida, kekenta na jira.